Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin fiziks ne a wata sakandaren gwamnati a Kano, kuma kukana a kan injiniyancin na'urorin asibiti ne, fannin da jami'o'inmu ke koyarwa amma akasarin ɗalibanmu ba su taɓa jin sunansa ba.

Tun da ka karɓi ma'aikatar nan a Oktoban 2024 kake nanata cewa kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi da likitanci suna sahun gaba a shirinka na farfaɗo da ilimi, kuma mun yi murna. To amma, ranka ya daɗe, ba a jami'a yaro yake zaɓar makomarsa ba. Yana zaɓa ne ranar da aka ware 'yan ajin kimiyya a babbar sakandare, sannan ya ƙarasa ranar cike fom ɗin JAMB. A wannan ranar kusan duk mai ƙoƙari likitanci yake rubutawa, in ya sassauta ya ce haɗa magunguna ko jinya, alhali guraben ba su da yawa. Wanda bai samu ba sai ya yi zaman jiran wata shekarar, ko a cusa shi a kwas ɗin da ba ya so. Akwai yaro a ajina da yake kwance fitilar caji ya gano wayar da ta ƙone, ya narka dalma ya haɗa ta, kuma yana da lissafi da fiziks da kemistiri ɗin da injiniyanci ke nema, amma a tunaninsa hannun nan nasa ba shi da wani amfani a asibiti. Ban taɓa ganin tawagar wata jami'a ta shigo makarantarmu ta gaya masa akasin haka ba.

Kai ƙwararren likitan ƙoda ne, kuma ka riƙe Ƙaramin Ministan Lafiya, saboda haka ka fi ni sanin halin da majinyaci mai buƙatar wankin ƙoda sau uku a mako yake shiga idan famfon na'urar ya tsaya, ko matatar ruwanta ta lalace, aka ce sai an jira mai gyara daga Legas. Haka uwar bakwaini take ji idan kwalbar da aka sa ɗanta ta daina ɗumi. Wa zai gyara waɗannan na'urori nan da shekara goma, in yaran da za su iya ba su san ana karanta aikin ba?

Ba daga tushe za a fara ba. Jami'o'in Ilorin da Legas suna da wannan kwas, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana horar da masu gyaran na'urorin, kuma manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a 2022 ta ƙunshi fannin. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, shaida ne cewa idan gwamnati ta je ta nemo yara da kanta, ana samun likitoci da injiniyoyi.

Don Allah ka umarci hukumar jami'o'i ta sanya ziyarar sakandare cikin sharuɗɗan tantance wannan kwas, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuma ya ɗauki nauyin tafiyar. Kada ziyarar ta tsaya a jawabi da rabon takardu. A zo da tsohuwar na'urar awon hawan jini ko ta iskar oksijin, a buɗe ta a kan tebur, yara su riƙe sukundireba da hannunsu. A fara da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare kafin a raba azuzuwa, a shiga makarantun 'yan mata da na karkara, a kuma yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, domin sau da yawa uba ne yake da ta cewa a kan fom ɗin.

Maganar ɗakunan gwaje-gwajenmu da ba kayan aiki, da ta guraben aiki ga waɗanda suka kammala, na bar su sai wani lokaci. A yanzu roƙona shi ne umarnin ya fita kafin a sake buɗe rajistar JAMB.

Naka,
Malamin fiziks daga Kano