Wasiƙa zuwa ga mutumina a Jamus: na sa wa BMW 330 ɗin nan hedas

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jamus, ya sanyi, ya karatu? Ina fata kana lafiya kai da iyali. Mu nan Kano alhamdulillahi, zafi ne dai ya fara sauka ba sauƙi. Nasan zaka ce me ya hana in kira ka a WhatsApp, to labarin ne da tsawo, kuma duk sanda na kira ko kana aji ko kana wajen aiki, shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka tiryan-tiryan, don babu wanda zai ji daɗinsa kamar kai.

Abin nan da muka daɗe muna magana tun kafin ka tafi, to na yi shi. Na sa wa motata BMW 330 ɗin hedas, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga kowace silinda, a madadin na kamfani.

Ba don gayu na fara ba wallahi. Tun bayan sallah motar ta soma nauyi, in ka taka allurar juyin inji ta haura 4000 sai kaji kamar an toshe mata hanci, ga wani kacau-kacau daga ƙasa in tana sulo. Mun canza filogi, mun duba koyil, shiru. Ƙarshe oga makanike ya kwance sensa ya leƙa da tocila, sai ga indomi, matatar hayaƙin nan ta cikin salansa, ta farfashe ta cushe hanya. Kasan ai injinta, M54, indomin tasa a cikin manifol ɗin take, wato mahaɗar hayaƙin da ke jikin inji, dab da tof silinda, guda biyu, ɗaya ta silinda 1 zuwa 3 ɗaya ta 4 zuwa 6. Motar 2002 ce, ta haura shekara 20, ta sha titin Amurka ta zo ta sha namu, ai ta yi ƙoƙari. Oga yace a yi yadda kowa ke yi, a yanka a zazzage indomin a like da walda shikenan. Raina bai kwanta ba, don in ka zazzage ta ka bar fankon gwangwani ne kawai, hayaƙi ya dinga dambe a ciki kafin ya samu hanya. Nace tunda za a taɓa wajen gara a yi mai dalili.

Na yi oda daga waje, sati biyar kafin su iso. Ranar da na buɗe kwalin na daɗe ina jujjuya su a hannu, bututu shida na ƙarfen da baya tsatsa, uku-uku, an lanƙwasa su yadda tsawonsu zai zo kusan ɗaya kafin su haɗe. A nan hikimar take. Injin nan yana tashi ne 1-5-3-6-2-4, wato gaba, baya, gaba, baya, kowane ɓangare hayaƙi na shigo masa a kan ƙa'ida ba a cunkushe ba. To in bututun sun daidaita, hayaƙin da ya fita da gudu yakan bar ɗan zuƙo a bayansa, wannan zuƙon shi ke taya silinda ta gaba fitar da nata, sai ta samu fili ta shaƙi sabuwar iska da mai sosai. Yaran gareji su a wajensu ƙara ce kawai ake nema, sai da na zana musu a ƙasa da tsinke suka gane.

Mun fara ranar Asabar da sassafe a kan rami, tun daren Juma'a na feshe notocin da man kwance tsatsa. Mutumina aikin nan ba wasa bane. Injin a kishingiɗe yake ta ɓangaren dama, daidai inda salansa take, sai ya zama notocin ƙasa ba ka ganinsu sam, da yatsa kake lalube. Noti 16 ne, lamba 11 ke kama su, kuma kowanne da halinsa. Mun cire tankin ruwan wifa da famfon iskar nan na gaba don hannu ya samu shiga, muka kwance kujerar inji ta dama muka ɗan ɗaga shi da jak da katako, sannan tsofaffin suka yarda suka fito ta ƙasa. Wasu notocin sun fito tare da kusoshinsu, wannan ba matsala, na riga na tanadi sababbi.

Ɗaya ce ta tsayar da mu, ta can baya wajen silinda 6. Yaron oga ya sa ƙarfi sai naji ƙas, ta karye, ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa ya rage a waje. Gabana ya faɗi, don kasan tof ɗin alminiyom ne, in aka shiga huda da diril hannu ya goce an yi asara babba. Yaron ya yi tsuru-tsuru, nace masa kar ya damu, ƙarfen da ya shekara 20 yana cin wuta ko a hannun wa zai iya karyewa. Aka kira wani dattijo mai walda na kusa da garejin. Kafin ya taɓa komai yace a buɗe but a cire kan batir, kar wuta ta ƙona birenbos, wato kwamfutar motar. Ya kwanta a ramin, ya ɗora noti a kan guntun, ya ɗiga walda a tsakiya, ya koma gefe ya zauna yana jan carbi yace a bari ta huce da kanta. Na farko ya ɓalle. Na biyu ma haka. A na uku ya kama sifana da yatsu biyu, ya ɗan yi gaba ya ɗan yi baya, gaba, baya, kamar mai lallashin yaro, sai naga tana juyawa. Yace walda ba ta kama alminiyom, kuma zafin shi ke sakin tsatsar. Na ba shi abin da ya nema na ƙara masa, har yanzu ina ganin ban biya shi ba.

Tunda wajen a buɗe yake na canza gasket ɗin murfin bawul, don yana ɗan tsatsafo da mai kuma kai tsaye kan salansa yake ɗiga. Sabon gasket na hedas, sababbin notoci masu ruwan tagulla, na tsaya a kansu aka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe a kan ma'aunin ɗauri 20 Nm, ban yarda da ɗaurin ji-da-hannu ba. Sai magariba ta Lahadi muka tada ta.

Minti biyun farko lafiya lau, muna ta murna. Tana ɗaukar zafi sai ta fara karkarwa, tana tari, wutar cek ta kama. Na kwana ban yi barcin kirki ba. Da safe mai riwaya ya zo da kwamfuta, ashe wayoyin sensa biyu na gaba muka musanya wajen ƙara musu tsawo, ta silinda 1 zuwa 3 ta tafi soket ɗin 4 zuwa 6. In inji na da sanyi birenbos ba ya sauraron sensa, da ya yi zafi sai ya fara, to yana jin labarin wannan ɓangaren yana gyara wancan, nan ya ƙara mai can ya rage har abin ya rikice. Minti biyar ya mayar da su ta daidaita. In ka tashi yin irin wannan aikin, dan Allah ka naɗa wa kowace waya salatif ka rubuta lamba kafin ka zare.

Na fita da ita titin Zariya da sassafe hanya ba kowa. A giya ta uku, daga 3500 zuwa sama, allurar tafiya take ba tangarɗa har kusa da 6500, nauyin nan duk ya tafi. A takarda ƙarfin doki 225 ne da ita, ban auna ba balle ince ga abin da ta ƙaru, amma ƙafata ta shaida. Muryar kuwa, ka tuna yadda muke tsayawa mu saurari silinda shida in ta wuce? To haka, sai dai wajen 3000 akwai ɗan kaushi kamar ana yaga kwano, wannan bai min ba. Da na dawo na buɗe bonet, bututun sun rine sun koma ruwan zinare, wajen lanƙwasa har da shuɗi-shuɗi. Kai na tuna a lokacin.

Abin da ya dame ni shine wari. Rannan na tada ta a cikin gida zan kai yara makaranta, ƙaramar ta toshe hanci tace Abba idona na yaji. Jikina ya yi sanyi. Indomin nan da muke rainawa ba banza take ba, sinadaran filatinom da faladiyom da rodiyom ne a jikinta, su ke ƙone gubar hayaƙin kafin ya fito, shi yasa ma 'yan gwangwan ke sayenta da tsada. Kuma mafi muni a ciki ba ya ma wari, shine irin na janareta da kake ji ya kashe mutane a ɗaki suna barci. Yanzu sai na turo ta waje nake tadawa, maƙwabta kuma nasan kara kawai suke min da asuba. Wutar cek ma ta dawo da P0420 da P0430, lambobin da ke nuna indomi ba ta aiki, mai riwaya yace zai iya rufe sensocin baya a birenbos ta daina kamawa, nace a'a, wuta ce kawai za ta mutu hayaƙin yana nan. Nasan a wajenku ma ko kusa ba za ta wuce gwajin lafiyar mota na TÜV a haka ba.

To ga alfarmar da nake nema. Ka duba min indomi ta ƙarfe mai manyan ƙofofi, wadda suke kira 200 sel, guda biyu, in sa dattijon nan ya like min su a bututun tsakiya, za ta rage warin da kaushin kuma ba za ta shaƙe motar ba. Ka haɗa min da sensa biyu na gaba na Bosch, nawa sun tsufa. Zan auna faɗin bututun gobe in turo maka, kai kuma ka faɗa min kuɗin in tura. In akwai mai tahowa kafin azumi ka ba shi, in babu ka riƙe har ka zo da kanka, na fi son hakan ma, makulli na jiranka.

Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a, tana lafiya, tace in faɗa maka ka dinga kira. Ka gaida madam da yara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum.