A auna matsin mai idan an sauya injekta zuwa kafireta

Malam Edita,

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin 'yan uwanmu makanikai da masu motocin haya kan kuskuren da ake yi idan an cire injekta an ɗora wa mota kafireta.

Famfon da ke cikin tankin motar injekta yana turo mai ne da matsi wajen psi 43 (psi ma'aunin matsi ne). Ita kuwa kafireta psi 4 zuwa 6 sun ishe ta, irin su Weber ma 3 suke so. Idan aka bar wancan famfo aka jona tiyo kai tsaye, 'yar allurar da fulot (abin da ke yawo a kan mai cikin kafireta) ke tokarewa ba za ta iya tare man ba. Sai ya tumbatsa ya malala cikin manifol, fulogi su yi baƙi ƙirin, salansa ta yi ta aman hayaƙi. Wanda bai ƙone ba ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Zaro sandar awo ka sunsuna, fetur za ka ji. Allah Ya kiyaye ya ɗiga kan inji mai zafi.

Wasu kan ɗaure tiyon da waya don ya tsuke. Aikin banza ne. Yawan man da ke wucewa kawai aka rage, da zarar allura ta rufe matsin zai koma yadda yake.

Mafita biyu ce. Ko dai a cire famfon tanki a sa ƙarami na kafireta, ko a sa regileta, wato na'urar daidaita matsi, mai hanyar mayar da rarar mai tanki. Regileta mai baki biyu kacal, shiga da fita, ba ta jure wa babban famfo. Kada tiyon komawa ya gaza na zuwa faɗi. Idan na zuwa milimita 8 ne, shi ma haka. A ɗaura gejin auna matsi tsakanin regileta da kafireta, a saita mota tana sulo, sannan a ɗaure notin saitin.

Wanda ya bar injektarsa ya ƙara babban famfo, shi ma sai ya auna. Zare fis ɗin famfo tukuna, bar inji ya mutu da kansa, kana ka kwance tiyo da tsumma a hannu, ka ɗaura geji, ka mayar da fis, ka tada mota. A mota mai hanyar komawa geji kan nuna kusan psi 36 a sulo. Cire siririn tiyon iska na regileta, gejin ya haura zuwa wajen 43. In bai motsa ba akwai matsala, in ka ga fetur cikin tiyon kuwa, robar cikin regileta ta fashe.

Tiyon da ke tsakanin babban famfo da regileta kuma ya zama na injekta, mai rubutun J30R9 a jiki. Na kafireta na iya kumbura ya tsage a bakin kilif.

Naku,
Wasu makanikan mota, Kano