Cuku ba sai ya bushe ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ku ba ni fili in yi magana a kan cuku. A nan Tawa, da an ce cuku, hankalin kowa na tafiya ga busasshen nan mai faɗi na Abalak da Cintabaradan, wanda ake ci da shayi ko a daka cikin fura. Amma akwai ɗanye, wanda ake matsewa a ci cikin kwana biyu, wasu na ce masa wagasi. Da damina, lokacin da shanun Azawak ke zubar da madara har ta fi ƙarfin masu saye, kowace uwargida na iya yin sa a madafarta.

Madara ake so, sabuwar tatsa, ba nonon da ya kwana ba. Lita 5 na ba da wajen kilo 1, in ba a tsarma ta da ruwa ba. A tace, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana motsawa don kada gindin tukunya ya kama. In ya kama, ƙaurin ba ya fita ko da me. Tafasawar nan wajibi ce, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka da cutar da ke sa dabbobi ɓari.

Da ta fara tasowa sai a sauke, a zuba ruwan lemun tsami, cokali 2 zuwa 3 na cin abinci ga kowace lita, a juya sau ɗaya a hankali, a rufe minti 10. Ido ne alƙali: ruwan ya ware garau, ya yi ɗorawa-ɗorawa. In har yanzu fari ne, tsamin bai isa ba ko madarar ta huce. In an zabga lemun kuwa, cukun zai yi tsami ya riƙa marmashewa. Fulani da tumfafiya suke yi: a daka ganyen, a dama da ƴar madara, a tace cikin tukunya tun tana da ɗumi, a ci gaba da wuta ƙasa-ƙasa har ta kama. Nasu ya fi danƙo da laushi, sai dai in ganyen ya yi yawa ɗaci yake, kuma a kiyayi ƙaron, yana illata ido.

Wajen matsa ne aka fi yin kuskure. A juye cikin farin ƙyalle mai tsabta tun da zafinsa, a barbaɗa gishiri, a ɗaure, a danne da faranti, a ɗora tukunya cike da ruwa. Awa 1 zuwa 2 ta isa. Wanda aka bari ya huce kafin matsa ba ya haɗuwa, yana shiga mai zai watse. Wanda ya kwana a ƙarƙashin nauyi kuma sai ya koma kamar roba. Ruwan da ya fita kada a zubar, a dama kunu da shi ko a kwaɓa fulawa.

Wannan cuku ba ya narkewa a wuta, shi ya sa yake maye gurbin nama. A yanka ƙanana, a tsane jikinsa, a soya cikin man gyaɗa mai zafi har ya yi ja, a ci da yaji da albasar Galmi. A miyar tumatur, minti 10 na ƙarshe ake saka shi don ya sha romo. Yana shiga kwaɗon zogale, yana shiga burodi.

Ajiyarsa ce matsala, da zafin garin nan. Mai firigo zai iya kai shi kwana 3 zuwa 4. Wanda ba shi da shi, ya riƙa tafasa shi kullum cikin ruwan gishiri. Masu saye da sayarwa har karan dafi suke sakawa, shi ne jan da ake gani a bayansa. In ya fara yauƙi ko wari, a zubar, suya ba ta gyara shi.

Na gode.

Mai karatunku, daga Tawa