Barka da Ista daga Manchesta

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu da ya tashi daga matattu. Ina fatan kuna lafiya, da su Kawu da yara duka. Yaya zafin Zuru? Mu nan Ingila har yanzu da rigar sanyi muke fita.

Yaya ta faɗa mini a waya cewa Baba ya rage zuwa sujada tun da aka sayar da shanun huɗa da gonar fadama aka karɓo Auta daga hannun 'yan bindiga. Ba na ganin laifinku, Baba. Gumin shekaru ne ya tafi a mako guda, kuma mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da yawa sun sha irin wannan ɗacin.

Amma ku yi haƙuri, ɗanku zai yi magana a gaban manya. Ranar da aka yanke kuɗin, kun tsaya lissafin ko Auta ya kai darajar shanun? Yaron da ko ciyawa ba ya son yankowa! Kun ba da abin hannunku domin naku ne, shi ke nan. Da Jumma'ar nan, ana karanta labarin gicciye a majami'armu, wannan ne ya tsaya mini a rai. Manzo Bitrus ya rubuta cewa ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Shi kuwa ba a tilasta masa ba, ba a yi ciniki ba, ya san halinmu sarai ya kuma biya.

Shi Bitrus ɗin ma ai sau uku ya yi musun Ubangiji, bayan tashi kuma aka damƙa masa kiwon tumaki. Don haka idan bangaskiya ta yi sanyi, ba a rufe ƙofa ba. Ku je ko ba za ku iya rera waƙa ba, ku zauna a bencinku, zumuntar mata za su rera a madadinku.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya. A sayi shinkafa da kaji na biki, sauran a ajiye na taki da hayar shanu kafin ruwa ya sauka. Mama, kada a raba wa maƙwabta duka, na san hali. Idan yara sun fita Galili, taron bikin Ista na ranar Litinin, a ɗauko mini hoton Auta in ga ko ya mayar da jiki.

A gaida Pasto da dattawan ikilisiya.

Ɗanku.