Kafin a bar Gmail, a duba wa ke riƙe da makullin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan maganar da matasanmu masu ilimin kwamfuta ke ta yi, cewa kowa ya tattara komatsansa ya bar Gmail da Chrome da Google Drive, ya koma manhajojin da ke kare sirri. Ni ba injiniya ba ne. Shago gare ni na buga takardu da cike fom a intanet, kuma abin da zan faɗa daga bakin teburina na gan shi.

A lokacin rajistar JAMB ko idan an buɗe ɗaukar aiki, mutum zai shigo ya ce, "Malam, a buɗe min imel." Ni zan zaɓa masa suna, ni zan sa kalmar sirri, galibi lambar wayarsa ce ko shekarar haihuwarsa, don ya ce kada a sa abin da zai manta. In rubuta masa a bayan rasit, ya cusa a aljihu. Wasu sukan zo da imel ɗin da aka buɗe musu a wani shagon, in muka duba sai mu tarar lambar da ake dawo da asusun da ita ta yaron shagon ce, wanda ya bar garin tuni. A cikin wannan imel ɗin kuwa akwai hoton takardar NIN, da sakamakon jarrabawa, da saƙonnin banki. Mai irin wannan asusu ko ka mayar da shi manhajar da ta fi kowace kare sirri, an gudu ne ba a tsira ba.

Amma kada a ɗauka ina kushe shawarar. Tana da tushe, ni ma na bi wani ɓangarenta. Gmail na kulle saƙonka, sai dai makullin yana hannun Google. Kamar ka kai ajiya sito ne: ƙofa na da kwaɗo, ɓarawo ba zai shiga da sauƙi ba, amma mai sito na iya buɗewa, kuma in hukuma ta zo da takardar kotu zai buɗe. Gaskiya ne tun 2017 kamfanin ya ce ya daina duba abin da ke cikin wasiƙun mutane don zaɓa musu talla, amma har gobe talla ce babbar hanyar samun kuɗinsa, kuma abin da ka bincika da abin da ka kalla a YouTube suna shiga lissafi. Waɗanda suka bi labarin fallasar da Edward Snowden ya yi a 2013 sun san yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke samun bayanai daga manyan kamfanonin nan ta shirin PRISM.

Bayan wannan fallasa ne, a 2014, wasu masana da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa kamfanin imel na Proton Mail a Jeniba ta ƙasar Suwizalan. Akwai kuma Tuta na ƙasar Jamus, wanda a da ake kira Tutanota. Bambancinsu da Gmail shi ne saƙon da ke ajiye a akwatinka da makullinka aka kulle shi, su kansu ba sa iya karantawa. Dukansu suna da kalanda da ke kulle haka nan. Kada a raina kalanda, domin ita ke nuna ranar da za ka ga likita da wanda za ka gana da shi, kodayake na san yawancinmu kalandar bango da ta cikin kai muke amfani da su.

To, a nan ne masu tallata waɗannan manhajoji ke yin shiru a kan abubuwa da dama. Idan ka aika saƙo daga Proton zuwa ga mai Gmail, da ya isa can ya faɗa siton Google kamar kowane saƙo, sai fa in ka sa masa kalmar sirri ta musamman ka gaya wa mutumin ta wata hanya dabam. Mu kuwa kusan duk wanda muke wa wasiƙa Gmail gare shi. Sannan kulle abin da ke cikin wasiƙa bai ɓoye wanda ya aika da wanda aka aika wa ba. A 2021 Proton ya miƙa adireshin intanet, wato lambar da ke nuna daga inda mutum ya shiga intanet, na wani ɗan fafutukar kare muhalli na Faransa bayan hukumomin Suwizalan sun ba da umarni. Bai ba da wasiƙun ba, tunda ba zai iya buɗe su ba, amma abin da ya bayar ya taimaka aka gano mutumin. Ɗan jarida ko ɗan gwagwarmayar da ke zaton ya zama aljani saboda ya canza imel, ya sake tunani.

Abin da ya fi damuna, ni da na san mutanena, shi ne mantuwa. A Gmail in ka manta kalmar sirri, a turo maka lamba ta waya, ka shiga ka tarar da komai yadda ka bari. A wajen masu ba ka makulli a hannu ba haka abin yake ba. In ka manta kalmar, kuma ba ka ajiye jerin kalmomi ko lambobin ceto da suke bayarwa tun farko ba, ko da ka samu ka koma cikin asusun, tsofaffin wasiƙun na nan a kulle, babu wanda zai buɗe maka. Wannan ba aibi ba ne, shi ne ainihin tsaron. Amma mutumin da rasit ɗin aljihunsa ya bi wanki fa? Duk wanda zai koma, ya rubuta waɗannan kalmomi a takarda ya haɗa su da takardun gida ko na gona, inda yake ajiye abin da ba ya wasa da shi.

Ga kuma batun wuri da kuɗi. Google na ba da 15GB kyauta. Na Proton da Tuta na kyauta bai wuce 1GB ba a ɓangaren imel, Proton Drive kuma 5GB. Hotunan biki ɗaya sun isa su cinye shi. In kana son ƙari sai ka biya da dala ko yuro, kuma kowa ya san yadda naira take. Ban ga laifinsu ba, banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda ba ya sayar da talla dole ya karɓi kuɗi a hannunka. Ƙananan kamfanoni kuma sukan mutu. An yi wani mai suna Skiff da aka yi ta yabo, a 2024 kamfanin Notion ya saye shi, aka rufe, masu amfani da shi suka shiga neman inda za su kwashe kayansu.

Shi ya sa nake cewa a fara da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ita ce mai sauƙi kuma ko sisi ba a biya. Firefox tun 2019 take toshe masu bibiyar sawunka daga shafi zuwa shafi ba tare da ka taɓa komai ba, kuma a wayar Android tana karɓar uBlock Origin, wanda ke hana tallace-tallace sauka. Burauzar Brave ita da kanta take toshe talla, sai dai tana da nata harkar kuɗin kirifto da take cusa wa mutum, ni kashe wannan ɓangaren nake yi. Ribar da za a gani nan take ita ce data, don tallar da ba ta sauka ba ba ta ci kuɗinka ba. A wajen bincike ana iya sa DuckDuckGo, amma in faɗi gaskiya, a neman abu da Hausa ko neman wani wuri a cikin gari nakan koma Google. Tor kuwa, burauzar da ke ɓoye daga inda mutum ya shiga intanet, ta masu buƙata ta musamman ce, da irin sabis ɗinmu jinkirinta sai mai haƙuri.

Wani abu da ya kamata a gyara wa mutane shi ne Incognito, wato tagar sirri ta Chrome. Da yawa sun ɗauka layar zana ce. Abin da take yi kawai shi ne ba ta barin tarihin abin da ka buɗe a cikin wayar, amma kamfanin layinka da shafin da ka ziyarta suna ganinka. Har ƙara aka kai Google a Amurka kan wannan, a 2024 ya amince zai goge tarin bayanan da ya tattara.

A ɓangaren ajiya, sirrin Bahaushe ba a imel yake ba, a WhatsApp yake. Hirar kanta a kulle take, amma kwafin da wayar ke turawa Google Drive ba ya samun irin wannan kullin sai ka kunna da kanka. Tun 2021 aka sa wannan zaɓi a cikin saitin ajiyar hira, kuma cikin masu zuwa shagona da wuya in ga wanda ya san da shi.

Ni dai ga yadda na yi. Gmail na nan, domin mai wayar Android ba ya rabuwa da asusun Google in yana son Play Store. Shi nake ba shafukan da ke neman imel don rajista. Na buɗe na biyu mai kulle, wanda banki da 'yan uwa na jiki kaɗai suka sani, kuma takardu masu muhimmanci kaɗai nake ajiyewa a can. Hotunan iyali kuma suna cikin faifan ajiya a gida. A shago na daina zaɓa wa kowa kalmar sirri, nakan juya masa allon madannai ya rubuta da hannunsa, in kau da kai. Wasu har haushi suke ji, wai ina ɓata musu lokaci.

Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023 ta hau kan duk mai riƙe bayanan mutane, ba manyan kamfanoni kaɗai ba, kuma ban taɓa jin an tara mu masu shaguna an yi mana bayaninta da Hausa ba. Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware shafi guda ku nuna da hotuna yadda mutum zai shiga asusunsa na Google ya duba lambar wa ke kai, ya cire ta ya sa tasa, ya kuma fitar da duk wata kwamfutar shago da har yanzu asusunsa ke buɗe a cikinta. In kun buga, zan manna shi a jikin ƙofar shagona.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano