Sanarwa kan lambar ƙarshe ta bakod

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya a wani shago a Gumel na'ura ta ƙi karanta bakod ɗin ledojin garin kununmu. Ashe da ka aka cike lambar ƙarshe. Raina ya ɓaci, domin ledoji sun riga sun fita.

Masu rubuta mana manhaja, don Allah ku kula: lamba ta 13, wato ta ƙarshe, lissafa ta ake yi daga lambobi 12 na farko. Ku ɗauki 615123456789, 615 ɗin ta Najeriya ce. Daga hagu a tara lamba ta 1, ta 3, ta 5, ana tsallake ɗaya har ta 11, an samu 31. Sauran shidan in an tara su 26 ne, sau 3 ya zama 78. Jimillar 31 da 78 ita ce 109, saura 1 ta cika goma ta gaba, wato 110, 1 ɗin za a saka. In jimillar ta ƙare da sifili, sifili ake sakawa, ba 10 ba.

A gyara kafin kasuwar Maigatari ranar Alhamis.