Rahoton Ayyukan Shekara: Atisayen Haɗin Kai da Fahimtar Juna a Wurin Aiki

Mai girma shugaba, dattawan ƙungiya, 'yan kwamitin gudanarwa, 'yan uwa mambobi maza da mata, assalamu alaikum.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyi guda, wato a nemo maganin ɓatan saƙo tsakanin sashe da sashe a wuraren aikinmu. Koken ya fito daga kowane ɓangare. Direba ya ce sai ya tayar da mota ake gaya masa an sauya lokaci. Akawu ya ce takardu na zuwa masa babu sa hannu. Masu shara da masu gadi suka ce su ba a ma gaya musu komai. A kan wannan muka gina ayyukan bana.

Mun fara da atisayen zaman baya da baya. Mutum biyu su zauna sun juya wa juna baya, ɗaya na riƙe da zane yana kwatantawa, ɗaya na zanawa. A zagayen farko an hana mai zane tambaya, a na biyu aka ba shi dama. Bambancin zanen biyu ya ishi kowa darasi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, idan aka haɗa shugaban sashe da ƙaramin ma'aikaci, ko an ba ƙaramin damar tambaya sai ya yi shiru. A ce masa “ka gane?” ya ce “na gane”, alhali zanensa ya kama wata hanya dabam. Daga nan muka ɗauki ƙa'idar maimaita saƙo: wanda aka ba umarni ya faɗe shi da bakinsa kafin ya tafi, kamar yadda matuƙan jirgin sama ke yi da masu ba su hanya.

A wannan zaman ne mai horarwa ya ba mu labarin hatsarin tsibirin Tenerife na ranar 27 ga Maris, 1977, inda jiragen KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan bai sake magana ba. Bayan wannan da wasu haɗurra ne kamfanonin jiragen sama suka shiga koya wa na ƙasa yadda zai tsaya a kan maganarsa, da koya wa na sama yadda zai saurara. Ɗakin ya yi tsit. Da yawa daga cikinmu sun taɓa zama wannan injiniyan.

Aikin da ya fi ba mu wahala, kuma a ganina ya fi amfani, shi ne musayar kujera. Kowane mamba ya yi wuni guda a sashen da ba nasa ba, yana bin mai aikin sau da ƙafa, ba ya ba da umarni, ba ya gyara kowa. Wani akawunmu ya wuni a sito, ya ga da idonsa cewa fom ɗin da yake matsa wa a cike masa ana cike shi ne a tsaye, mota na jira, direba na danna hon. Da ya koma ofis da kansa ya nemi a rage layukan fom ɗin. Wata mai karɓar baƙi ta zauna da masu gyaran kwamfuta, ta fahimci dalilin da ya sa “na'ura ta ƙi aiki” ba bayani ba ne, yanzu tana rubuta abin da allo ya nuna kafin ta kira su. Dole in faɗi kuma cewa wasu shugabannin sassa sun ba da suna amma ba su zo ba, kuma wannan ya sanyaya gwiwar ƙananan ma'aikata ƙwarai. Na gaba ake kallo.

Na uku shi ne bitar bayan aiki, tsarin da rundunar sojan Amurka ta shahara da shi. Tambayoyi huɗu ne: me muka shirya yi, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za mu sauya nan gaba. Mun ƙara sharaɗin cewa mafi ƙanƙantar muƙami ne zai fara magana, shugaba ya zo ƙarshe, don in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa saura gyaɗa kai kawai za su yi. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, wadda ta wallafa bincikenta kan kwanciyar hankali a cikin tawaga a 1999, ta nuna cewa tawaga na koyo ne idan mutum zai iya cewa “na yi kuskure” ba tare da fargabar wulakanci ba. Kamfanin Google ma, a binciken da ya fara a 2012 kan tawagoginsa 180, ya tarar wannan kwanciyar hankali ce kan gaba cikin abubuwan da ke bambanta tawaga mai nasara da sauran.

Ranar wasanni da muka shirya ta yi daɗi, an ja igiya, an yi dariya, amma ranar Litinin kowa ya koma gidan jiya. Kwamiti na ba da shawarar kada a sake kashe mata kuɗi masu yawa.

An samu saɓani mai zafi a tsakiyar shekara tsakanin masu saye da masu kula da sito, har wasu suka ce atisayen ne ya tono rigima. Rigimar tana nan tun da, magana ce kawai ta fito fili. Masanin halayyar ɗan Adam Bruce Tuckman ya bayyana tun 1965 cewa tawaga kan bi ta matakin taƙaddama kafin ta daidaita, kuma ɓangarorin biyu yanzu suna zama tare kowane farkon mako.

Babban gibinmu shi ne masu aikin dare. Duk zamanmu da rana muka yi, don haka masu gadi da masu sharar asuba, waɗanda suka fi kowa kokawa, kusan ba su amfana ba. Laifin kwamiti ne, kuma muna neman afuwarsu.

Bayanin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji da za a karanta bayan wannan. Muna neman amincewarku kan abu biyu na baɗi: a riƙa yin wasu zaman a lokacin sauyin aiki domin masu aikin dare, sannan shugabannin sassa su fara shiga musayar kujera kafin kowa. Mai son shiga zagayen farko ya ba sakatare sunansa kafin a tashi taro.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.